Kawuna Fatoma da Kaskar Shanun Baƙi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, har na yi aure a cikin gidansa, ya rasu a nan Gure a ƙarshen daminar bana. Na rubuta wannan don kada a manta da irin mutumin da yake, don kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda na kasa faɗa da baki a zaman makoki.

Mutanen gari sun zo, sun yi gaisuwa yadda aka saba, sun koma harkokinsu. Mutanen daji su ne suka cika unguwa. Daga Gamu, daga Gidigir, daga rijiyoyin arewa waɗanda ko sunansu ban iya faɗa daidai ba, wasu a kan raƙuma, wasu a kan jakuna, wasu a amalanke. Babu wanda ya tambayi inda zai ɗaure dabbarsa. Kowa ya zagaya ta ƙofar baya, ya shiga garken Kawu, ya nufi turken da ya saba. Wani Batube dogo, daga makiyayan raƙuma na arewa, ya zauna a bakin tabarma tun hantsi, da zai tashi ya ce shi a duk garin Gure ƙofa ɗaya ya sani. Wata tsohuwa mai sai da nono ta ce shekarar da aka yi fari, a gidan nan ta bar ƴarta da tsohon ciki ta bi shanu kudu, ta dawo ta tarar har an yi suna.

Wanda ya sa aka yi dariya a ranar da ba ta dariya ba shi ne wani tsohon Bafillace daga wajen Gamu, wanda ya fi kowa daɗewa yana sauka gidanmu. Baffa muke ce masa. Kawu Babarbare ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Baffa ya tsaya a ƙofar zaure da sandarsa, ya ce bawansa ya gudu bai sallame shi ba, a fito masa da gadon bawa yanzu yanzu. Aka yi dariya. Sai ya zauna, ya ja rawani ya rufe fuska.

Akwai kuma maganar da aka riƙa yi ƙasa-ƙasa. An ce an wanke Kawu da safar hannu ta roba, an zuba ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a inda ya kwanta, an ƙone tabarmarsa. Gaskiya ne, an yi haka, kuma ni na yarda aka yi. Na ji wani dattijo yana cewa mutumin da bai taɓa ƙyamar kowa ba shi aka yi wa wankan ƙyama. Wasu daga cikin maƙwabta sun yi mini gaisuwa hannuwansu a cikin riga. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina ina amsa gaisuwa ne idona yana kan ƙirjin raƙuman da ke wucewa zuwa garke, ina duba ko akwai kaska.

Kawu fatoma ne, wato mai masaukin baƙi masu dabbobi. Jajibirin kasuwa makiyaya suna sauka gidansa, ya ba su ruwa da fura, dabbobinsu su kwana a garkensa, da safe ya tsaya musu a ciniki ya zama shaida. Haka ya gada daga mahaifinsa. Bai bar ɗa namiji ba, ƴaƴansa mata suna gidajen aurensu. Ni kaɗai ne namiji babba a gidan yanzu, ni kuwa tela ne, ban taɓa sai da ko akuya ba. Majo, wato babban malamin asibitin da ya duba Kawu, ya ce mini in ina son yarana in daina barin dabbobin baƙi suna kwana inda suke wasa. Inna, matar Kawu, ta ce muddin tana numfashi ba za a rufe ƙofar bayan nan ba. Baƙi sun ɗaga mana ƙafa, sun ce za su sauka wani wuri har a yi sadakar arba'in. Bayan nan dole in faɗi wani abu.

Kawu ba ya gai da baƙo sai ya fara gai da dabbobinsa. Ya tambayi lafiyar shanu, ya tambayi ciyawa da rijiya, sannan ya tambayi iyali. In an ce masa ya juya tsarin, sai ya ce in shanu suna lafiya ai ya riga ya san amsar sauran. Ba ya cin abinci sai baƙo na ƙarshe ya ci. Yana da wata buta ta ƙarfe da ya liƙe ta da gyara har ba a gane asalinta, kuma ba ya yarda a ba baƙo ita, sabuwar ake ba baƙo. Fushinsa ba ya da ƙara. In ya yi shiru yana gyara igiyar da ba ta lalace ba, to mu ƴan gida mun san a kauce.

Dokarsa mafi ƙarfi ita ce ba a duba dabbar baƙo a ƙofa. Ba a ɗaga mata wutsiya, ba a buɗe mata baki, ba a shafa cikinta a gaban mai ita. Yana cewa wanda ya cire kaska daga saniyar mutum a gaban idonsa ya gaya masa ke nan bai iya kiwo ba, kuma makiyayi ya fi jure a zagi ubansa da a ce masa haka.

Amma kuma ba ya iya ganin kaska a jikin dabba ya bar ta. Don haka ya samo wa kansa hanya. Da baƙi sun zauna a zaure an kawo fura, sai ya miƙe ya ce bari ya duba ruwa. Ya shiga garke shi kaɗai. Ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin wutsiya, hantsa, cikin kunne, tsakanin kofato. Ya murɗe kaskar da yatsa, ya fasa ta tsakanin faratan manyan yatsunsa, ya goge jinin a rairayi ko a gefen wandonsa, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Ba ya jefa ta wuta don za a ji ƙauri. Ba ya riƙe gwangwani don za a gani. Sai ya wanke hannu sama-sama a kwamin shan ruwan shanu, ya koma zaure ya ce ruwa ya isa. Faratan nan biyu ya bar su da tsawo da gangan, kuma tunda na san shi ban taɓa ganin su fari ba.

Shi ya koya mini cewa kaska ba iri ɗaya ba ce. Ya ce da yana saurayi wadda aka sani a ƙasar nan ita ce ta raƙumi, mai dogayen ƙafafu masu ratsi, mai gudu a kan rairayi. Wadda take da zane a baya kamar an yi mata ado, mai dogon baki da ke barin ƙurji, sai a jikin shanun da suka dawo daga kudu ake ganin ta, can wajen Najeriya inda ciyawa ke rufe mutum. Tana zuwa da damina, rani yana yi ta ɓace. In na nuna masa ita ina ɓata fuska, sai ya ce, "Baƙuwa ce ita ma. Rani zai sallame ta."

Shekaru da yawa haka ake yi. Sannan aka shiga shekarun da ruwa ke sauka da yawa lokaci guda, kwarurruka suna riƙe laima har tsakiyar rani, ciyawa ba ta mutuwa a ƙarƙashin dabino da goruba. Masu garka a kwari suka fara tsintar baƙuwar kaskar a ƙafafun jakunansu a watannin da ba a taɓa ganin ta ba. Hanyoyin kiwo ma suka canza. Mutanen wajen babban tafkin gabas da rashin zaman lafiya ya kora suka hauro da garkunansu. Waɗanda da suke zuwa kudu su dawo ta hanya ɗaya suka koma bin wata. Kafin layya kamiyo, babbar motar kaya, yana kwaso raguna daga inda ba mu sani ba ya sauke a kasuwa da rana ɗaya, abin da ƙafa take yi a wata guda. Wata kaska ƴar ƙarama mai shuɗi-shuɗi ta bayyana, wadda take cika jikin saniya kamar an watsa mata gero, Kawu ma ya ce bai san ta ba. Shanu suka fara kirci, fata tana ɓamɓarewa. Wasu suna fitsarin jini. Awakin matata biyu suka yi ta kewaya turke kamar masu neman wani abu, suka faɗi suna shure-shure, kafin a kawo wuƙa sun tafi. Rani ya zo ya wuce, baƙuwar tana nan. Kawu ya daina faɗin waccan magana, amma bai daina duba ruwa ba.

Ni mutum ne mai yawan damuwa, kowa ya sani. In na rufe shago sai na koma na taɓa kwaɗo. Kawu yana kira na Sarkin Tsoro tun ina yaro, har baƙi suka ɗauka. Wata rana na ji a radiyo ana cewa akwai zazzaɓin da kaska ke sa wa mutum, ba dabba kaɗai ba, kuma ana ɗaukar sa in an fasa ta da hannu ko an taɓa jinin dabbar da ke ɗauke da shi. Na je na sami malamin dabbobi na tambaye shi, ya ce haka ne, an taɓa ganin sa a ƙasashen da ke kewaye da mu, kuma dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alama. Tun daga ranar ban ƙara kallon faratan Kawu hankalina kwance ba.

Na sayo masa safar hannu a farmasi. Ya karɓa, ya yi godiya sosai, ya juya ta ya yaba ɗinkin, ya ce ko ni tela ban iya irin wannan ba. Bayan kwana kaɗan na gan ta a hannun Inna tana kwaɓa lalle. Na kawo masa gwangwani da kananzir a ciki, na ce ya riƙa jefa su nan. Ya ce to in baƙo ya fito fitsari ya gan shi da gwangwani, ya ce masa me, yana tatsar bijimi ne? Na ce ko wanke hannu da sabulu ya riƙa yi. Ya ce mutum ya tafi duba ruwa ya dawo yana ƙamshin sabulu, ai ko yaro ya gane.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi, kuma a kan wannan ne. Wata jajibirin kasuwa Kawu ya tafi jana'iza, Baffa ya iso da shanunsa daga kudu. Na ga kaska a hantsarsu kamar an jera dabino. A lokacin matata tana da goyo. Na aro famfon feshi wajen mai garka, na zuba maganin da na saya a kasuwa, na tare su a ƙofar baya na ce sai an fesa za su shiga. Na yi maganar da ladabi, har na durƙusa. Baffa ya dube ni, ya dubi famfon. Ya juya shanunsa ya tafi ya kwana a fili bayan kasuwa.

Da Kawu ya dawo ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya zauna yana warware igiya yana sake tufka ta. Ya ce mini, "Ɗan ƙanwata, mutumin nan ya sha ruwan gidan nan tun kafin uwarka ta haife ka. Kai ka tare shi da famfo kamar fara."

Na ce, "Kawu, yara fa?"

Ya ce, "Yaran wa? Shi ba ya da yara? A ina kake tsammani suke kwana?"

Da kasuwa ta watse ya sa ni a gaba muka hau motar Gamu, daga nan muka taka zuwa rugar. Ya sa na ba da haƙuri a gaban ƴaƴan Baffa. Baffa ya ce ai ba laifin yaro ba ne, duk wanda Babarbare ya rena dole ya fito da wani aibu, a gode Allah da ba sata ba ce. Suka yi ta zagin juna har aka kawo nono. A hanyar dawowa Kawu ya saya mini rake kamar ina ɗan shekara bakwai. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi daidai ba.

Ba zan manta da shekarar da wasu mutanen wajen tafki suka iso ba, su da ragowar shanunsu. Kirci ya cinye bayan shanun, suna wari, ƙudaje suna bin su. Sauran masu masauki duk suka ce garkensu ya cika. Ban zarge su ba, da ni ne da haka zan ce. Kawu ya buɗe musu. Mai shanun ya tsaya a ƙofa yana jin kunya, ya fara bayanin cewa da ba haka suke ba. Kawu ya katse shi ya ce kyawawan shanu ne, hanya ce ta yi musu tsawo. Ran nan ya daɗe yana duba ruwa har furarsa ta tsinke. Mutanen suka zauna da mu har suka sami inda za su kafa bukka. Bayan tafiyarsu muka yi ta tsintar kaska a bangon ɗaki, a tsagar ƙofa, sau ɗaya har a bayan kunnen ƴata. Na nuna wa Kawu ita a tafin hannuna. Ya daɗe yana kallo. Ya ce Allah ya tsare, ya shiga ɗaki. Washegari ya sa aka ja darni tsakanin garke da tsakar gida, darnin kara wanda ko kaza tana ratsa shi. Iyakar abin da ya iya yi ke nan, kuma na san don ni ya yi.

Ciwon ya fara kamar kowane zazzaɓin damina. Ciwon kai, ciwon baya, jiki zafi. Ya sha maganin zazzaɓin sauro ya ce gobe zai tashi. Bai tashi ba. Idanunsa suka yi ja. Da safe Inna ta kira ni ta nuna mini matashinsa da jini, daga hanci ne da dasashi. Na matsa zan ɗaga shi, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya daga nan, Sarkin Tsoro. Yau dai bi halinka."

Muka kai shi likita a amalanke. Majon baƙo ne daga yammacin ƙasa, Hausarsa da ɗan nauyi, mutum mai haƙuri. Ya tambaye ni sana'ar Kawu, na gaya masa har da maganar farata, abin da ban taɓa gaya wa kowa a waje ba. Ya sa aka ware wa Kawu ɗaki, ya ce kada wanda ya taɓa shi hannu tsirara. Na tambaye shi ko ciwon kaska ne. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, bai sani ba. Zazzaɓin sauro mai tsanani yana iya yin haka, ciwon hanta ma yana yi, na kaskar ma haka yake zuwa, kuma ba a nan ake gane shi ba sai an kai jini nesa. Sun yi abin da za su iya, na gani da idona. Ana maganar a wuce da shi Damagaram Allah ya karɓi abinsa. Maganarsa ta ƙarshe da na ji, ta taga, tambaya ce ko an cika kwami, don a lissafinsa gobe kasuwa. Ba gobe ba ce, amma na ce masa an cika.

Har yau ba wanda ya ce mini tabbas ga abin da ya kashe Kawu. Wannan rashin sani shi ya fi cin raina. In ciwon kaska ne, to na bar yarana a gidan da yake. In ba shi ba ne, to na sa an wanke Kawu da roba a banza, na hana Inna ta taɓa fuskarsa. Makonnin da suka biyo baya na yi su ina taɓa goshin kowa a gidan. In Inna ta ce kanta yana ciwo sai in aika matata ta duba hancinta da dasashinta. Ina tuɓe yara da safe ina duba hammata da bayan gwiwa har matata ta ce zan sa musu tsoron jikinsu. Alhamdu lillahi ba wanda ya kwanta. Wannan ma bai ba ni amsa ba, don majo ya ce ba kowa ke ɗauka ba.

Na koma wajen malamin dabbobi na ce in na rufe ƙofa shi ke nan? Ya ce zai rage, amma kada in ruɗi kaina. Kaskar tana cikin kwari inda matata ke sayo ganye. Tana jikin ragon da maƙwabcina ya ɗaure a bayan katangata. Tsuntsayen da ke zuwa da damina ma suna ɗauko ƴaƴanta daga wata ƙasa. Maganin feshin da ake samu a kasuwa wani yana kashewa, wani ta saba da shi. Na ce to me zan yi? Ya ce in yi iyakar ƙoƙarina. Na fito ban san ko mene ne iyakar ba.

Inna kuwa ba ta yi gardama da ni ba. Tana cikin takaba, ba ta fita, ta bayan labule take magana. Ta ce ita ba ta san kaska ba, ta san dai tun tana amarya take dama furar baƙi, kuma in ta daina ba ta san me za ta yi da hannuwanta ba. Ta ce, "Ɗan nan, in ka rufe ba zan yi maka baki ba. Amma kai za ka fita ka gaya musu, ba ni ba."

Aka yi sadakar arba'in. Jajibirin kasuwar da ta biyo baya na tura matata da yara gidan iyayenta tun da safe, na ce su kwana can. Ban buɗe shago ba. Na shirya maganar da zan faɗa, na maimaita ta har na haddace: cewa gidan yana nan, zaure yana nan, fura tana nan, amma dabbobi sai dai su kwana a fili. Da la'asar na ji kukan shanu. Baffa ne, da wasu mutum uku. Bai zagaya ta baya ba yadda ya saba. Ya tsai da shanun nesa kaɗan, ya zo shi kaɗai, ya yi sallama a ƙofar da ya shekara hamsin yana shiga ba sallama.

Muka gaisa. Na buɗe baki in fara, sai ya riga ni. Ya ce ya ji abin da ake faɗa a kan ciwon, ya kuma ji an ce daga hannu ne. Ya dubi nasa hannuwan. Ya ce akwai abin da yake so in sani.

"Duba ruwan nan da yake yi, mun sani. Dukanmu mun sani. Wa zai kwana da saniya da kaska ya tashi babu, ya ce aljanu ne? Muna jan hira ne a zaure don ya gama. In ya daɗe mu ƙara fura ko mun ƙoshi."

Na ce, "Baffa, me ya sa ba ku gaya masa ba? Da ya riƙe gwangwani. Da ya sa safar."

Ya ce, "Mu gaya masa mun gan shi? Ya ji kunya a gidansa?"

Ya share ido da bakin rawani. Ni kuma maganar da na haddace ta tafi gaba ɗaya. Muna tsaye haka, shanun suka gaji da jira. Babbar saniyar ta taho da kanta ta bi lungu, sauran suka bi ta, na ji ƙarar ƙofar baya da ta tura da kai, don sakatar ba ta taɓa kamawa da kyau ba. Ban ce a shiga ba, ban ce a tsaya ba. Daga cikin gida na ji Inna tana cewa a zo a ɗauki ƙwarya.

Muka zauna a zaure. Aka sha fura. Aka yi maganar ciyawa, aka yi maganar farashin raguna, aka yi wa Kawu addu'a. Fura ta ƙare, ba wanda ya tashi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauko labarin wata rijiya da kowa ya riga ya sani, ya fara shi tun daga farko. Baffa yana juya ludayi a cikin ƙwaryar da babu komai. Ba wanda ya dube ni. Sai can na gane abin da ake yi.

Na miƙe. Na ce bari in duba ruwa.

Na sa safar hannu biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na ɗauki gwangwanin kananzir. Na ɗaga wutsiyar saniyar farko, ga su nan cunkus, masu zane da ƙananan, wasu sun ƙoshi sun yi kamar za su fashe. Ta farko da na murɗe ta suɓuce ta faɗi a rairayi, na durƙusa ina neman ta ban gan ta ba. Na gama saniya ɗaya gumi ya jiƙa mini riga. Na ɗaga kai na dubi sauran, garke cike, rana tana faɗuwa, ta bayan darni kuma ina hango tabarmar da yarana ke zama. Daga zaure ina jin muryar mai labarin rijiya, ya kai ƙarshe ya sake komawa tsakiya. Na matsa wajen ta biyu.

Kasuwa tana sake zagayowa, kuma ban san abin da zan yi ba in ta zo. Matata ta tambaye ni ko kowane mako za ta riƙa kwashe yara, na ce ta bari in yi tunani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sauke shi masaukin da ba a duba baƙo a ƙofa. Allah ya ba Inna haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in da hali ya haɗa da mu da muka rage a gidan.